Fuskar Uwar Cikin Labari

A tashar mota, wani tsohon malamin adabi ya ƙura wa akwatin da ke cinyar wata matashiya ido.

"'Yata, mene ne wannan?"

"Tabarau ne na kallon fim, Baba, da shi nake koyar da adabi. Ɗalibi yana sawa sai ya ga kansa a ɗakin da uwar cikin labarin da ake karantawa take jinya."

"Fuskar wa zai gani?"

"Ta 'yar wasa."

"Kash! Ni shekara talatin, cewa nake su rufe ido in karanta musu. Kowa uwarsa yake gani."

Ta daɗe tana shafa murfin akwatin.

"Haka malaminmu ya yi mana. Ni duhu kawai na gani. Wajen haihuwata mahaifiyata ta rasu."

Tsohon ya sunkuyar da kai.

"Miƙo mini in gani, 'yata."