Akwatin Bawa da Akwatin Faruk

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ranka ya daɗe mai unguwar Ƙofar Kware, Allah ya gafarta malam liman, Alhaji Mani, yayan marigayi Malam Bawa, Malama Delu, mai ɗakin marigayi, da ke saurare daga cikin gida, Faruk ɗansa, 'yan'uwana masu hayar lasifika, assalamu alaikum. Sunana Lawwali, ni ƙungiyarmu ta wakilta. Ban iya kuka gaban jama'a ba, don haka abin da muka sani kawai zan faɗa.

Mun ji shawarar da aka yanke. Alhaji Mani ya ce daga yau a rufe shagon marigayi na Sabon Gari, Faruk ya bi shi kara, wato kasuwar dabbobi, cinikin shanu, tunda a ganinsa Faruk bai gaji komai wurin ubansa ba sai hayaniya. Zan dawo kan wannan.

Malam Bawa ya kasance mai ƙera akwatin lasifika da gyaran amfilifaya, wato na'urar da ke ƙara wa sauti ƙarfi. Ya kasance idan lasifikar masallaci ta shaƙe, shi ake kira, kuma ba ya jira a kira sau biyu. Ya kasance mai taurin kai, wannan ma a faɗa. Ba mai sakin fuska ba ne, amma da yawanmu a hannunsa muka koyi sana'a.

Yana da hanyar gwaji guda ɗaya. Idan ka zo zaɓen kaya, sai ya sa ka juya baya ka fuskanci titi. Ya kunna wannan, ya sauya waya ya kunna wancan, sannan ya ce, "To, mi kaj ji?" Mu mutanen garin nan da ido muke sayen sauti: babban akwati, baƙin fenti, rubutun Turanci. Ni kaina na taɓa zaɓar akwatin da na gama kushewa, ya ce, "Lawwali, kunnenka ya hi bakinka hankali."

Da Faruk ya girma, sai ya ɗauko kiɗan jita irin na Turawa, mai gurnani kamar injin niƙa. Kai, unguwa ta sha! Mun zaci Bawa zai fasa jitar. Sai ya zauna yana saurare, fuska a murtuke, ya ce, "Wanga ba nauyi na ba, hayaniya ta." Faruk ya dage cewa sirrin nauyin sauti yana cikin amfilifaya, a samo mai kwalabe irin ta da, wadda sai ta yi zafi take daɗi. Bawa ya ce sirrin yana cikin katako. Suka yi ta gwaji. Akwati mai buɗaɗɗen baya yana watsa sauti ko'ina, sai ya zama holoƙo. Mai rufaffen baya, da katako mai kauri, shi ke dunƙule shi ya bugi ƙirji. Amfilifaya mai kyau a kan akwatin banza ba ta tsinana komai ba. Ƙarshe Faruk ya sauko, ya ajiye jita ya ɗauki zarto.

Bawa bai taɓa yaba masa ba. Abin da ya faɗa a gabanmu kawai shi ne, ran da aka juya baya aka kasa bambanta akwatinsa da na Faruk, shago ya zama na Faruk. Ciwo ya kwantar da shi kafin a yi wannan gwaji.

Alhaji Mani, ba mu raina shanu ba, kuma mun san don tausayin maraya ka yi magana. Amma dubi inda aka ajiye kaya yau: bayan rumfa, duk kun ba su baya. Akwati biyu ne a can. Idan kun ji muryata ta yi kauri, don jita aka ƙera su, ba don magana ba. Da na Bawa na fara gaishe ku. Ina tsakar jawabi aka sauya waya zuwa na Faruk. Akwai wanda zai faɗa mana a ina aka sauya?

Malam liman ya girgiza kai. 'Yan ƙungiya, da kuka fi kowa kunne, ku ma kun kasa. Ni da na shirya abin ma ban ji ba. Alhaji, sharaɗin ƙanenka ne, ba namu ba. Hukunci yana hannunka, mu dai mun gama namu.

Malama Delu, Allah ya ba ki haƙuri. Faruk, share hawayenka, ka riƙa gwada kayanka da rana, kuma ka kashe idan an kira salla, kamar yadda Baba yake yi.

Mun gode wa duk wanda ya tako. Allah ya jiƙan Bawa, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya kyautata namu ƙarshen. Wannan addu'a da kuka ji, ta akwatin ɗansa ta fito. A shafa Fatiha.