An fasa wa Sale baki a kan kajin da ba shi ya kashe ba

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da masu saurare. Sunana Habibu, ina aiki a wata gonar kajin ƙwai a bayan garin Riyad.

Kwanakin baya kajinmu suka fara mutuwa, wuya na murɗewa, ƙwai na fitowa ba ɓawo. Mudir, wato shugaban gonar, ya ce ai an yi musu rigakafi, don haka guba ce. Ya nuna abokina Sale mai haɗa abinci. Sale ya ce, "Wallahi ban zuba komai ba." Kafin ya rufe baki mudir ya kwaɗa masa ƙotar shebur a fuska. Sale ya faɗi, ma'aikata biyu suka bi shi da shuri, jini har kan buhunan dusa. Na shiga rabo, ni ma aka fasa min gira.

Daga baya wata likitar dabbobi 'yar Najeriya ta ɗebi samfuri, aka bincika ƙwayoyin halittar cutar. Ta ce mana, "Ba guba ba ce. Sabon irin ƙwayar cuta ne, rigakafinku bai san shi ba." Da hannunmu muka yanka sauran kajin, muka binne.

Haƙoran Sale uku sun zube, kunu kawai yake iya sha. Abin da mudir ya ce masa shi ne, "Ma'alesh," wato a yi haƙuri.

Jama'a ku ba mu shawara. Sale ya kai ƙara ne, alhali iƙamarsa, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, na ƙarƙashin kafili, mai gonar da ya tsaya masa, ko ya haɗiye? Ina gaida 'yan uwa na unguwar Batha a Riyad.