Tarwaɗar Rijiyar Babana

Jama'ar Allah, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Iliya. Kun san ni, ba ni da daɗin baki, boko ma ban yi nisa ba. Fasto ne ya matsa mini in rubuta wannan shaida, to ga ta. Mai dariyar rubutuna ya yi ta yi.

A gidanmu, can tsakanin Kura da Bunkure, akwai rijiya. Babana Ayuba ne ya haƙa ta ina yaro, tun ba a kawo ruwan noman rani ba. Zurfi gare ta. In ka leƙa, ruwan yana can ƙasa ɗan mitsitsi kamar ƙwayar ido. Kafin guga ya fito sai kafaɗarka ta gaya maka. Amma ruwan, kai! Ga sanyi ga garɗi. Matan Fulani in sun taso daga tallan nono, nan suke sauke ƙwarya su sha. Maƙwabtanmu Musulmi nan suke ɗibar na alwala, suna tsokanar Baba, "Ayuba, gaya mana gaskiya, zuma ka zuba?" A bakin rijiyar nan ba a tambayar mutum inda yake sujada. Wannan zamani ya wuce, bai kuma yi mana sallama ba.

Ran da aka gama haƙa, Baba ya kawo tarwaɗa a ƙwarya ya zura ta ciki. Ya ce, "Iliya, ga likitan ruwanmu. Ita za ta cinye ƙwari. Muddin tana motsi ku sha. Ran da ta juya ciki sama, ku bari." In ta tsufa sai ya fito da ita ya sa ƙarama. Da ya rasu na ci gaba da yin haka.

Sai aka jawo kanal, babbar hanyar ruwan noman rani. Gonakin dawa suka koma shinkafa da tumatir har gindin dangarmu. Rani da damina ana watsa takin zamani, ana sakin ruwa a kai. Ruwan rijiyarmu ya fara hawowa. Kowace shekara sai mun rage igiya, har ta kai ɗan guntu ya isa. Muka ce albarka ce! Ni da bakina na miƙe a majami'ar nan na yi godiya. Wasunku har da tafi.

Ana nan, Hannatu matar ɗana ta haifi 'ya mace, muka sa mata Godiya. Ciwon mama ya kama Hannatu, nono ya ƙi zuwa, aka koma madarar gwangwani. Matata Saratu kuwa kun san ta da tsafta. Ruwan madarar nan sai ya tafasa ya sake tafasa kafin ta sauke.

Amma yarinya sai lalacewa take. Leɓɓanta da faratanta suka yi shuɗi kamar an tsoma su a marinar Kura. Numfashi sama-sama. Kukan ma ba ƙarfi. Wayyo! Wasu 'yan'uwa, ba zan kama suna ba, suna cikin masu karanta wannan, suka ce tsafin kakanninmu ne ya biyo jini. Allah ya gafarta musu. Ni har yanzu ina ƙoƙari.

A asibiti aka sa mata iskar numfashi, aka ba ta magani. Wata nas ta kira ni gefe.

"Baba, da wane ruwa ake dama madarar?"

"Na rijiyata. Tafasasshe."

"Akwai gonaki kusa?"

"Sun kewaye mu."

"To a daina ba ta. Ku ɗebi ruwan ku kai shi Kano a gwada."

Raina ya ɓaci. Na ce, "'Yata, rijiyar nan ta girme ki. Tarwaɗata tana ciki, ƙiba kamar damtsena."

Ta dube ni ta ce, "Baba, jikarka ba tarwaɗa ba ce."

Da aka sallame mu, na tarar Saratu ta sayo ruwan leda. Na ce, "A gidan Ayuba? Ruwan leda?"

Ta ce, "Maigida, Baba yana wurin Ubangiji, ba ya jin ƙishirwa. Wannan ce a hannunmu."

Da safe na je bakin rijiya na durƙusa. Na ce, "Ya Ubangiji, ka san ban iya doguwar addu'a ba. Ubana bai bar mini shanu ba, ramin nan kaɗai ya bar mini. In shi ne, ka karɓe shi. Ka bar mini yarinyar."

Na buɗe ido, sai ga fuskata a cikin ruwa, kusa-kusa, kamar in miƙa hannu in taɓa. Nan Ubangiji ya buɗe mini kai. Ruwan da Baba ya samu ai can ƙasa yake! Wannan da ya taso ya same ni, ba na Baba ba ne. Baƙo nake ta karewa da sunan ubana.

Na cika kwalba mai tsabta na shiga mota zuwa Kano, wurin masu gwajin ruwa. Da na koma jin sakamako, ma'aikacin ya ce takin gona ne ya tsiyaye ya shiga rijiyar, ya yi yawa. Ba ya wari, ba ya sauya launi. Manya suna iya ɗauka, amma jariri sai jininsa ya kasa riƙe iska. Tafasawa kuma ba ta kashe shi, tururi ne ke tafiya, takin ya ƙara kauri.

Na ce, "Tarwaɗar fa?"

Ya ce, "Baba, ita ina ruwanta?"

Da na gaya wa Saratu zancen tafasawar, ta zauna a ƙasa ta fashe da kuka, tana duban hannuwanta. Na ce, "Tashi. Da ƙauna kika hura wutar nan, Allah ya gani."

'Yan'uwa, Yesu ya ji ni! Shuɗin nan bai sake dawowa ba. Yarinya ta yi ƙiba, ta tsage gida da kuka. Halleluya! Ita ce wadda ke hana ku jin wa'azi yanzu da guje-guje a bayan benci.

Ni kuwa, da furfurata, kullum ina tura keke da jarkoki zuwa burtsatsen unguwa, ina bin layi. An gwada shi, lafiyarsa lau, amma ɗanɗanon ƙarfe gare shi. Ba zan yi muku ƙarya in ce ya yi mini daɗi ba. Rijiyar Baba ta koma ta wanki. Matan Fulani in sun tsaya, da bakina nake hana su sha, abin yana cina. Tarwaɗar tana nan, Godiya tana jefa mata ɓarɓashin tuwo tana cewa, "Kaka, likitanka ya ƙoshi."

Na gode wa Ubangiji da ya karɓi abin da na miƙa masa, ya bar mini abin da na roƙa. Ku dogara gare shi, yana jin addu'ar masu kaushin baki ma. Kuma ku da kuke zaune a tsakiyar gonaki, in kun ga igiyar guganku tana ƙara gajarta, kada ku yi saurin tafi. Ku cika kwalba ku kai a gwada, tun leɓen ɗanku yana da ja.

Ɗaukaka ga sunan Yesu. Amin.