Takalmin Janelle Mai Inci Huɗu

Claudette: Halo? Odessa? Kina ji na?

Odessa: Ina jin ki sama-sama. Uwar amarya! Ina kwana?

Claudette: Lafiya lau, ƙawata. Ya sanyi? Ya gwiwar?

Odessa: Gwiwa tana nan da halinta. Ya hidima? Ya baƙi?

Claudette: Ke dai bari. 'Yan Memphis sun iso tun jiya, mutum tara, har da wanda ba a gayyata ba. Ya maigidanki Harold, ya jikin nasa?

Odessa: Da sauƙi. Wai daga ina kike magana haka, kamar daga cikin rijiya?

Claudette: Ɗakin ƙarƙashin ƙasa nake, ina neman kujerun nan masu naɗewa. Ba mu gan ki wajen koyon waƙa a coci ba ranar Talata.

Odessa: Ina na ga ta waƙa? Rigunan 'yammatan makaranta goma sha ɗaya ke rataye a kaina, ga ta 'yarki. Yanzu haka da fil a bakina nake miki magana.

Claudette: Sannu. Dama kira na yi in ji ko Janelle ta zo gobe Juma'a ta ɗauki rigar bikinta. Tun da takalmin nan ya iso jiya ta hana kowa sakat, wai sai ta ga yadda zai zauna da rigar.

Odessa: Wane takalmi?

Claudette: Na'am?

Odessa: Na ce wane takalmi ne ya iso jiya?

Claudette: Na bikin mana. Ta yi odarsa ta waya. Kai, in kin gan shi, sai ƙyalli! Ga tsini kamar...

Odessa: Tsaya. Tsaya, Claudette. Bari in tofar da fil ɗin nan kafin in haɗiye. Tsini kika ce?

Claudette: E, ai kin san angon, Terrence, dogo kamar falwaya. Mai hoto ne ya ce in ta tsaya kusa da shi a hammatarsa take ƙarewa.

Odessa: Ina farin nan marar tudu da ta zo gwaji da shi? Sau uku na tambaye ta, a gabanki! Na ce Janelle, da wannan za ki shiga coci? Ta ce e. Na ce kin tabbata? Har da rantsuwa.

Claudette: To ai yarinya ce, ta canza ra'ayi. Mene ne a ciki?

Odessa: Inci nawa ne?

Claudette: Abinci? Kaza ce da...

Odessa: Inci! Tsinin! Ki hau sama don Allah, layin nan zai kashe ni.

Claudette: To ga ni ina hawa. Wash, bayana. Pepper, matsa mini daga hanya! Karen nan sai ya kayar da ni wata rana. Yawwa, ga kwalin a kan tebur. An rubuta... bari in sa tabarau... huɗu.

Odessa: Ya Ubangiji.

Claudette: Wai mene ne? Kin tsorata ni.

Odessa: Awa guda na yi a durƙushe da gwiwar nan, ina zagaya yarinyar nan da alli da fil. Na bar yatsa ɗaya tsakanin bakin rigar da ƙasa, daidai wancan takalmin. In ta hau inci huɗu, a idon sawu rigar za ta tsaya, kamar mai shirin tsallake kwata.

Claudette: To ki zare fil ɗin ki sauke ta mana. Ai ke ba kya yanka sai an yi gwaji na biyu, duk Dayton an san ki da wannan.

Odessa: ...

Claudette: Halo? Layin ne ya tafi?

Odessa: Ina nan.

Claudette: Odessa. Ce mini ba ki yanka ba.

Odessa: Yau da safe. Silikin, da shafin, da ragar ciki, duka uku.

Claudette: Wayyo Allah! Rigar Mama! Rigar da ta ɗinka da hannunta, ta yi aure a ciki, ni ma na yi a ciki!

Odessa: Wa ya tsaya a shagona ranar Litinin ya ce ba lokacin gwaji na biyu, in yanka kawai? Shekara talatin ban karya dokata ba sai a kanki. Laifina ne da na saurare ki, na yarda.

Claudette: Ki mayar! Ki ɗinke abin da kika cire!

Odessa: Siliki ba ya yafe allura. Layi zai fito a gaba, har na kujerar baya sai ya gani.

Claudette: Leshi fa? Ki kewaya ƙasan da leshi.

Odessa: Farin rigar nan ya shekara sittin yana komawa ruwan madara. Ina zan samo irinsa kafin jibi? Abin da na bari na kalmasa inci ɗaya ne. In na matsa, in ba ki rabin inci.

Claudette: Rabi. A cikin huɗu.

Odessa: Ki lallashe ta ta koma wancan takalmin.

Claudette: Janelle? Kin manta 'yar wa ce? In na ce mata an yanke rigar kakarta, kuka za ta yi har Asabar, kuma ta sa tsinin don haushi. Odessa... bakin da kika cire, kalmasar Mama ce a jiki. Ina zaune a ƙasa ina kallonta ta sake yin ta saboda bikina.

Odessa: Na gani. Ɗinki ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ni ban iya irinsa ba. Ban yar ba, ƙawata. Na naɗe shi a takarda. In kin yarda in ɗaure mata furen hannunta da shi.

Claudette: Hm. Bari in share hancina. Wato in da marar tudun ne, rigar ta zauna?

Odessa: Cif. Kamar a jikinta aka halicce ta.

Claudette: Kuma ko an sake odar mai tsinin, kwana biyar yake yi a hanya.

Odessa: Me kike nufi?

Claudette: Ba komai. Tunawa na yi Pepper ya cinye wa Fasto takalmi ƙafa ɗaya bara, da ya zo mana addu'a.

Odessa: Claudette! Ke fa dattijuwa ce a coci!

Claudette: Ni me na yi? Kwali ne zan sauke ƙasa, teburin nake so in goge. Ki gama kalmasarki, gobe ƙarfe goma muna tafe. Ga motar Janelle nan ta shigo, cajina ma saura kaɗan.

Odessa: Tsaya mana, ki saurare ni...

Claudette: Pepper! Zo nan, ɗan albarka. Zo ka ga abin da...

Odessa: Claudette? Halo? Halo!