Keken Mai Tofu

A tashar bas ta garinmu a tsibirin Shikoku na ƙasar Japan, wani tsoho ya nuna wa wata tsohuwa filin wasa da sandarsa.

"Nan kakana Kuwabara ya ci tseren keke na farko."

"Da wa, Baba? Ai keke ɗaya ne a garin lokacin."

"Sauran da ƙafa suka biyo shi, Iya, suna ta ihu! Keken ma yana ɗakina, kullum sai na goge shi."

"Mai akwatin tofu, wato awara, a baya?"

"Ya aka yi kika sani?"

"Na kakana ne. Ɓarawo suka biyo, ba gwani ba. Wace bas ce ke zuwa gidanku?"