Wayata Ta Ƙi Cajar Kowa

Mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Baban Rahila, mai sayar da citta a Kafanchan. Da buhu ɗaya na fara, yau sito biyu gare ni, Allah ne kaɗai ya ɗaga ni. Shi ya sa na sayi babbar waya, irin mai cajarta daban. Kullum ina gaya wa Danjuma, ƙanen matata, cewa wayar manya ba ta ci a kwanon kowa.

Ranar Asabar zumuntar mata ta coci suka yi taro a Samaru Kataf. Matata ce za ta ba da waƙa, karo na farko a rayuwarta, na kuma yi mata alkawarin bidiyo. Ana fara kiɗan tulu, batirin wayata ya yi ja. Caja kuwa tana gida!

Iyayen nan suka zazzage jakunkunansu, aka miƙo mini caja bakwai, ko ɗaya ba ta shiga ba. Danjuma ya ce, "Suruki, wayar manya azumi take yi?" Ya ari cajar wata mama, ya jona ƙaramar wayarsa, ya ɗauki waƙar duka.

A gida matata ta kalli bidiyon sau uku, ta ce, "Baban Rahila, kai ma ka fito. Ga ka can baya kana yawo da igiyar caja a hannu."

Har yanzu na ce hoton wayata ya fi kyau. Amma masu sauraro, ku ba ni shawara: in sauya ta, ko in jira masu ƙerawa su yi mana bakin caja iri ɗaya? Ina gaida iyayena na zumunta. Danjuma kuma, na gaishe ka, amma ka daina tura bidiyon nan.