Tumatirin Wagini Ya Dawo Gida

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni ne Sani mai lambu daga Wagini.

Duk ranin nan ni kaɗai nake ban ruwa da jigo, yara sun tafi birni leburanci. Da tumatir ya nuna, na ɗora wa jaki kwando biyu sai kasuwar Batsari. Har la'asar ba wanda ya taya. Wata mai abinci ta latsa ɗaya, ta ce, "Baba, ai yanzu na gwangwani ake yayi."

Na koro jakina gida a gajiye. Maiɗakina ta kawo tuwo, miya ja wur. Ashe da na gwangwanin da ɗana ya aiko ta yi!

Jama'a, ku ba ni shawara, baɗi wa zan noma wa?